Muryar da Ba ta Delbert Ba

Shekara goma sha ɗaya Wilma Stroud tana sauraron Delbert Haskins a mota, daga ƙofar gidanta har makarantar da take yi wa girki. Ɗan ƙaramin gidan rediyon cocinsu ne, a kan lamba 88.1, kuma ko sisi ba a biyan tsohon. Yakan karanta sunayen marasa lafiya, ya sa waƙar yabo, ya yi tari, shi ke nan.

Wata safiya ta tsaya a danjar gaban gidan mai, waƙa na tashi, sai wani ƙato ya ɓarke da batsa a rediyon, mata na shewa. Tana jan mota ya ɗauke. Washegari ma haka, a wurin nan dai.

Wilma ba ta yi boko ba, amma baki kam akwai shi. Ranar Lahadi ta tare shi a ƙofar coci.

"Ɗan'uwa Delbert, da furfurarka! Me kake kunnawa a ɗakin nan?"

"'Yar'uwa Wilma, ni fa kofi kawai nake sha."

"Kofi mai ashar? Da kunnena na ji!"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take. Dariyar nan ce ta ja masa. Ta bi gida-gida, ta samo mata biyu da su ma suka taɓa ji, ta tasa su gaba har wurin dattawan coci. Aka ce Delbert ya ɗan huta. Ya ajiye makullin ɗakin rediyon ya tafi.

Batsar ba ta daina ba. Wilma ta ce ai wani abu ya bari a cikin injin.

Sai ranar da motarta ta ƙi tashi, ta shiga ta ɗanta Royce, wanda kullum yake bin bayanta a hanyarsa ta zuwa aiki a injin katako. Yana murɗa makulli muryar ƙaton nan ta cika motar. Ta dubi rediyon: 88.1. A samansa wani ɗan baƙin akwati.

"Na tauraron ɗan'adam ne, Mama. Akwatin ke tura shirin cikin rediyo, sai ka zaɓi lambar da babu kowa."

"Babu kowa? Delbert fa?"

"Haba, wa ke jin Delbert?"

"Shirin nan yana tsallakawa motar wani?"

"An ce yana yi, in an matso sosai."

"Kai ne kullum manne da ni a danja, sakarai!"

Royce ya kashe rediyon.

Lahadin nan ta miƙe ana tsakar sujada, ta faɗi komai, har sunan ɗanta. Ta ce a mayar wa mutum makullinsa yau ɗin nan. Dattawa suka sunkuyar da kai: ai Delbert ya koma wurin 'yarsa a jihar Ohio.

Ta buga masa waya. Ya saurare ta har ta gama.

"Na yafe, 'yar'uwa. Amma faya-fayan na rabar, hanya kuma ta yi mini nisa."

Wasiƙa uku ta sa aka rubuta wa kamfanin akwatin, ba su amsa ko ɗaya ba. Yanzu inji ke sa waƙoƙin safe. Ba ya tari, ba ya kiran sunan kowa. A watan jiya aka kwantar da Wilma asibiti kwana tara, sai da ta fito rabin coci suka ji.