Unguwar da Ta Ƙi Rabuwa

Bayan ƙidaya, aka ba mai zanen taswira aikin sake shata iyakokin mazaɓu. Alƙaluma sun nuna unguwar bakin kogi ta cika maƙil, don haka shugabansa ya ce a raba ta biyu. Da hantsi ya je duba inda layin zai bi.

Ya tarar da gidaje ba rufi, ciyawa har cikin ɗakuna. Wata tsohuwa kaɗai ya gani tana sharar ƙofar gida.

"Sannu da aiki, Iya. Ina mutanen da aka ƙirga a nan?"

"Suna nan, ɗana. Ran da masu ƙidaya suka zo kowa ya fito, har jarirai." Ta jingine tsintsiyar. "Sun ce in roƙe ka kada ka raba mu. Tare ambaliya ta tafi da mu."

A bayan katanga ya ji numfashin mutane da yawa, kamar masu jiran amsa.

Ya koma ofis, ya bar unguwar a mazaɓa ɗaya. Da shugabansa ya tambayi dalili, ya ce mazauna wurin ne ba su yarda ba.