Wanda Ya Shanya Ganga

A makarantarmu ba mu san ƙararrawa ba. Ganga ce ke shigar da mu aji, ita ke sallamar mu, kuma shekara talatin da ɗaya mahaifina ne yake buga ta. Shi ne maigadin Sakandaren Ben Lau tun tana ajujuwa huɗu masu rufin ciyawa. Duk garin Baba Tuat ake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Bugu uku a shiga aji, shida a fita shan iska, dogon kiɗi kuwa kowa ya kama hanyar gida.

Ni da Diep benci ɗaya muka zauna shekara uku. Gidansu na ƙetaren kogi, don haka da rana a ɗakinmu na bakin ƙofa take cin shinkafa da miyar kifi, kuma ba ta da kunyar neman ƙari. Duk wanda ganga ta riga shi shigowa, ɗalibai masu sa ido, waɗanda ke ɗaure da jan ƙyalle a hannu, su rubuta sunansa, ran Litinin a kira shi gaban tuta, makaranta duka tana kallo. Kwalekwalen su Diep kuwa bai san lokaci ba. Sau nawa na ga Baba tsaye da sanda a sama, yana ƙaryar gyara igiya, sai ya hango farar doguwar rigarta ta shigo da gudu sannan ya sauke hannu. Ba a taɓa kiran sunanta gaban tuta ba, ko sau ɗaya.

Shekararmu ta ƙarshe ruwa ya ci makarantar har saman taga. Kowa ya gudu. Baba ya goya gangar ya hau rufi, ya yi yini biyu a can yana bugawa, masu jirgin ceto suna bin amonta cikin ruwan sama don su gane hanya.

To, bana makarantar ta cika shekara hamsin, kuma Diep ce shugaba. Saura mako biyu biki ta zo gidanmu da kwandon lemo, ta kunna turare gaban hoton marigayiya mahaifiyata, ta zauna a ƙasa kamar dā.

“Baba, kai za ka buga gangar buɗe taro,” in ji ta. “Wa zai taɓa ta kana raye? Sai dai ta saki, amonta kamar ana dukan katifa.”

“Danshi ne, Malama,” ya ce. “Fatar ɓauna ba ta son ƙasa. A kan siminti kuka ajiye ta, ko?”

“Wace Malama kuma? Ni ce fa Diep mai cinye muku ƙanzo.”

Muka yi dariya. Har ni, wawuya, na ji ƙwalla.

Tsoho mai shekara saba'in da shida ya yi kwana biyar yana zuwa makaranta a keke. Ya fitar da gangar rana, yana juya ta kaɗan-kaɗan, ya buga turakun gora ya ƙara ɗaure ta, ya sake mata jan fenti. Na ɗinka masa farar riga. Da yamma yakan gwada hannu a kan bokiti har maƙwabta suka fara yi mana tsiya.

Ranar biki tsofaffin ɗalibai suka cika fili, kowane rukuni bayan allon shekararsa. Aka ba Baba kujerar roba a gefe, ƙarƙashin bishiyar jan fure. Na ce a raina don ya fi kusa da ganga ne. Diep ta hau dandamali ta karanta tarihin makaranta. Da ta zo kan ambaliya sai ta ce malamai da ɗalibai ne suka haɗa hannu suka ceto gangar. Na dubi Baba. Shi hankalinsa na kan sandan da aka ɗaura wa jan ƙyalle.

Mai gabatarwa ya ce lokacin ganga ya yi. Baba ya dafa gwiwa, ya miƙe rabi. Sai aka kira sunan Khoat, tsohon ɗalibin da ya gina wa makaranta sabuwar ƙofa, wanda a zamaninmu ta katanga yake shigowa. Diep ta miƙa masa sandan da hannu biyu, har da rusunawa. Baba ya ɗan tsaya a haka, sannan ya gyara bakin wandonsa, kamar abin da ya tayar da shi ke nan, ya koma ya zauna.

Khoat bai iya ba, duka kawai yake yi. Amma gangar ta amsa, har a ƙirjina na ji ta.

Wata 'yar ajinmu da ta zo daga birni ta nuna min katin gayyatarta. Wata guda ke nan da aka aika mata, kuma ga sunan Khoat a jiki, mai buɗe taro. Wato tun kafin lemo da turare an gama magana.

Na tare Diep a bayan dandamali. “Ke, kin san da wannan ranar da kika zauna a tabarmarmu?”

“Gam, don Allah ba a nan ba. Ba ki san zafin kujerar nan ba. Kwamiti ne ya yanke.”

“Kwamiti ne ya kunna wa uwata turare?”

Ta rage murya. “To ya zan yi? Ba mai iya gyara ta sai shi. Da na gaya masa gaskiya, kina jin zai zo?”

“Zai zo,” na ce. “Ko ba ki kawo lemo ba zai zo. Shekara uku kina cin abinci a gidanmu, ba ki san shi ba.”

Ban taɓa jin tsanar mutum kamar ranar ba. Na bar ta tana gyara furen ƙirjinta.

Ban tsaya cin abinci ba, na ɗauki Baba a babur. Muka wuce sabuwar ƙofa, muka wuce kasuwa. Sai a kan gada ya matso kusa da kunnena.

“Kin ji yadda gangar ta amsa kuwa?”

“Na ji, Baba.”

“Na ga sun sauke ta a ƙasa bayan taro. Ki gaya wa Malama a ɗora ta a kan katako, damina ba ta ƙare ba.”

Na ce to, amma na rantse a raina bakina ba zai sake kiran sunan Diep ba. Washegari da safe na kai masa shayi, na tarar da farar rigar a ninke kan gado. Kekensa ba ya nan, haka ma guntayen katako biyu da ke bayan kicin.