Harajin Injin Malam Na'iya

"Sake lissahin nan, Armaya'u. Ba haka aka yi ba."

Karo na uku ke nan Malam Na'iya yana maido mini da takardar. Ni fa malamin lissafi ne, shekara goma sha tara ina riƙe da alli a Tambuwal, amma ga mutumin da ko kofin ruwa ba ya iya ɗagawa yana yi mini gyara. Raina ya ɓaci, na haɗiye.

Malam Na'iya maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Akawun albashi ne a Kebbe, kullum a kan babur, Litinin zuwa Juma'a. A ƙofar gidansa kuma yana da injin niƙa, shekara shida yana ruri. Da ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa aka sallamo shi daga asibiti a Sakkwato, kowa ya san abin da sallamar take nufi. Mutane na shigowa da addu'a, shi kuwa sai ya sa matarsa Ruwaida ta zazzage mini takardun albashinsa da litattafan injin a kan tabarma. So yake a fitar da harajin da bai biya ba a kan ribar injin, a biya kafin ya cika.

"Malam, ai ana cire maka haraji ga albashi duk wata," na ce.

"Na albashi ne wanga. Injin fa?"

"Ka fidda zakka."

"Zakka ta Allah ce, na ba da. Wanga na mutane ne." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ni nika yanke na malamai, da na ungozoma, har masu shara. Kai kanka ka san yadda yankan yake da zahi. Ko kobo ban taɓa ɗaga ma wani ba. Nau kuma na yi shiru da shi."

Ya kasa kwanciya, ya kasa zama. A juya shi dama, ya ce hagu. Abin da ke cinsa shi ne tambayar da liman kan yi kafin a sallaci gawa, ko akwai mai bin mamaci bashi.

"Gwamnati ba ta zuwa jana'iza, Armaya'u. Ba mai ɗaga hannu. Shi ke nan an rufe ni da shi."

Ga dabarar da na yi, kuma ban ji kunyarta ba. Na ware ribar injin ita kaɗai, na cire kuɗin gas da bel da gyara, shekara-shekara. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, harajinsa kusan babu. Na so mutumin nan ya samu barci, na kuma so hatsin Ruwaida ya zauna a rumbu.

Ya kalle ni da jajayen idanun nan.

"Tausaina kaka ji, ko cuta ta kaka so ka yi? Haɗa su aka yi. Albashi da riba, mutum guda ne yac ci su. Ka aza ribar bisa albashin, ka hau matakin da ta kai, sannan ka ɗebe abin da anka riga anka yanka."

Na haɗa. Ribar da ta yi kamar ba komai, da ta hau kan albashi sai ta faɗa matakin haraji na sama. Shekara shida suka ba da naira dubu tamanin da huɗu da ɗari bakwai. Ya sa na karanta masa layi-layi, leɓunansa na motsi.

"Tamanin da fuɗu da ɗari bakwai. Yanzu ka yi lissahi."

Na leƙa wajen Ruwaida ina shirin ba ta haƙuri. Ashe ta riga ta sa an fito da buhunan gero biyu.

"Baban Hamdiya, kai dai yi sauri," ta ce da ni. "Kwana ukku bai runtsa ba."

Washegari na sayar da geron a kasuwar Dogon Daji, na cika da abin da ke aljihuna. A ofishin haraji ma'aikacin ya juya takardar gaba da baya, ya tambaye ni wa ya kama mu. Na ce ba kowa. Ya kira na kusa da shi ya gani. Daga nan banki, layi har waje, na'ura ta tsaya, ta dawo, ta sake tsayawa. Wallahi kamar in fasa ihu. Ban karɓi rasit ba sai da aka kira azahar.

Tun daga bakin lungu na ga tabarmi a ƙofar gida, injin kuma shiru. Na kashe babur na tura shi da hannu.

Ruwaida ta ce da hantsi ya tambaya ko na tafi, ta ce na tafi. Ya ce to, a gyara masa matashi. Bai sake juyawa ba.

Bayan la'asar aka jera sahu. Liman ya juyo ya tambaya ko akwai mai bin Malam Na'iya bashi. Ya sake tambaya. Ba wanda ya ɗaga hannu. Nawa hannun yana kan aljihun gaba, inda rasit ɗin ya jiƙe da gumi, sai a lokacin kuka ya zo mini.

Ranar addu'ar bakwai na ga Ruwaida ta soke rasit ɗin a ƙusar da ke jikin rumfar injin, inda Malam yake soke takardun gas. Mata sun fara ajiye kwanukan dawa a layi, garin da ke tashi yana sauka a kansa kaɗan-kaɗan.