Zalɓen Malam Labbo

Sunusi direba ya zube fulogi uku a kan teburin da nake jera baƙin mai, har ɗaya ya gangara ƙasa. Baƙaƙe ne ƙirin, bakinsu duk ya cinye.

"Hodi, waɗanga kas sayas min?"

Na ɗauki ɗaya na juya shi. "Ni sabbi nib ba ka, guda shida, cikin kwalinsu, gaban idonka."

"To tsakaninka da Baba Labbo akwai ɓarawo. Mota tana ta jijjiga har Argungu. Sai da wani bakanike can yas sauke rabin inji, yat tarad da waɗanga a baya. Ukun gaba sabbi, ukun baya tsohhina da niz zo da su."

Shagona yana bakin titin Gwadangaji, ina sayar da baƙin mai da giris da ƙananan kayan mota. Tsallaken titi, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, nan ne garejin Malam Labbo, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Duk mai mota ƙirar Siyana a tashar Argungu ya san shi, saboda fulogin bayan motar nan a maƙale suke can ƙarƙashin inji, inda hannu ba ya kaiwa, ido ma ba ya gani. Sauran kanikawa sai sun kwance kan inji. Shi kuwa ya ƙera abinsa da kansa: ya yanke sifanar fulogi, ya sa mai walda ya haɗa mata gwiwa biyu da guntun rodi, ya cusa maganaɗisun tsohuwar rediyo a bakinta, ga kuma guntun tiyo da yake fara ɗaura sabon fulogi da shi don kada zare ya karkace. Zalɓe yake kiranta, don dogon wuyanta. Kafin mai mota ya gama cin gyaɗar hannunsa an gama aiki.

Muka tsallaka tare. Labbo yana zaune kan tsohuwar kujerar mota, zalɓen a cinyarsa. Sunusi ya buɗe tafin hannu a gabansa.

"Baba Labbo, duba nan. Mi an nan?"

Bai duba ba. Kansa yana sunkuye, yana shafa wuyan zalɓen da babban yatsa.

"Hulogin motata na. Ina sabbin da nib ba ka?"

"Allah shi ba ka haƙuri, Sunusi."

"Ba haƙuri nika tambaya ba. Shekarunka sun wuce wanga aiki, Baba."

Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi, ko ruwan leda aka miƙo mini sai na duba bakinsa. Nan take duk abin da na daɗe ina gani ya haɗu a kaina. Tun bara ya daina karɓar aikin waya da na birki, sai fulogi kaɗai. In mota ta zo, sai ya ce wa mai ita ya tsallako wurina ya sha inuwa. Ya daina kallon mutum a ido. Ga wani gwangwanin madara da yake zuba tsofaffin fulogi, kullum da yamma sai ya rungume shi ya tafi da shi gida, kamar wani zai sace masa shara. Na ce a raina, to, ashe kasuwa ce ake ci a gaban shagona.

Magana ba ta kwana ba ta kai tasha. Direbobi suka koma wurin masu kwance kan inji, suna biyan ninki suna ƙorafi. Masu gaishe shi daga kan babur suka koma ɗaga hannu kawai, shi ma ba ya amsawa. Ana haka sai aka daina ganinsa a ƙarƙashin dogon yaro, aka ce wani miki ne ya fito masa a ƙafa. Da aka faɗa a ƙofar masallaci, ni na ce ciwon kunya ne, aka yi dariya.

Wata rana bayan azahar na shiga duba shi. Dubiyar a baki ce, gwangwanin nan nake son gani. Matarsa Baiwa tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Ta amsa sallamata, ta tsaya tana kallona har na tsargu.

"Malam, ga Hodi nan," ta faɗa da ƙarfi, tun ban kai ƙofar ɗaki ba.

Yana kishingiɗe kan tabarma, ƙafar hagu a naɗe da tsumma, ɗakin yana warin magani. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Zalɓen tana rataye a ƙusa, gwangwanin yana kusurwa bayan buta. Na tsuguna daga bakin ƙofa muka gaisa, ya shiga tambayata kasuwa da yara. Yana cikin magana na miƙe a hankali, ba takalmi a ƙafata, na matsa wajen kusurwar kamar mai neman wurin zama.

Bai juyo ba. Ya ci gaba da yi wa bakin ƙofa magana, yana murmushi, har da miƙa hannu yana nuna mini tabarma a inda ba kowa.

Na ɗaga hannu na kaɗa a gefen fuskarsa, kusa har ina jin numfashinsa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

"Malam Labbo."

Ya zabura, ya juyo inda muryata take. Ana jin ƙarar faifan Baiwa a waje.

"Tun yaushe?"

"Tun damanar bara yaf fara. Ciwon suga na. Da ina ganin inuwar mutum, yanzu ita ma ta tahi."

"Kana aiki hakanan?"

"Hulogin baya wa ka ganinai, Hodi? Ko mai ido huɗu da hannu shika yi. Nan kaɗai nika daidai da kowa." Ya yi 'yar dariya. "Sabbi aljihun dama, tsohhi aljihun hagu. Ran da Sunusi yaz zo, Baiwa ta wanke rigar aiki, nis sa wata mai aljihu guda. Nic ce yatsuna za su gane. Ashe su ma sun fara mutuwa." Ya nuna kusurwa da haɓa, ya ɗan kauce. "Zube gwangwanin ga ka duba min. Ni na lalube har na gaji."

Na juye shi a kan tabarma. Cikin tarin baƙaƙe ga guda uku farare tas, ko wuta ba su taɓa gani ba. Irin kayan shagona ne.

"Suna nan," na ce.

"Alhamdu lillahi. Na san ban ci kayan yaron ga ba, amma ina son wani shi gani."

"To mi yas sa ba ka hwaɗi ba? Ana ce maka ɓarawo, Malam! Tasha duka."

"Na jiya. Wanda anka ce ma ɓarawo, in anka matsu ana komowa wurinai, a tsaya kanai ana kallo. Wa ka kai ma makaho motatai? Ɗiya ukku gare ni makaranta. Bari ƙafar ga ta warke in koma bakin aiki." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Ka yi min shiru, don Allah."

Na yi masa alkawari. Na zuba fulogin a aljihu na fito, ban iya haɗa ido da Baiwa ba.

Shirun nan ya yi mini nauyi fiye da yadda na zata. In na mayar wa Sunusi kayansa ba bayani, na tabbatar da sata ke nan. In na yi bayani, na kashe wa mutum sana'a. Direbobi suna zuwa sayen mai suna jifansa da magana, wai tsoho ya ci fulogi ya tsaya masa a ƙafa. Ina auna musu lita ina jinsu. Har wani ya tuna mini maganata ta ciwon kunya, ya ce ni na fi kowa gane shi.

Ƙafar ba ta warke ba. Aka kai shi asibiti cikin gari, aka ce sai an yanke, ya ce a mayar da shi gida. Wata safiyar Alhamis ina shirin fita shago na ji kukan Baiwa ta kan katanga.

Mutanen unguwa sun fito jana'iza, amma na tasha ba su cika sahu guda ba, mutumin da ya shekara talatin yana kwance a kan injinansu. Sunusi ya zo da farar shadda, da alama wani wuri zai wuce. Ya tsaya can baya, aka yi salla, ya juya zai nufi motarsa. Na bi shi na riƙe masa hannun riga.

"Mu tai maƙabarta."

"Ina da hwasinja, Hodi. Na yi abin da addini yac ce."

Na zaro fulogin nan uku na sa masa a hannu. Ya kalle su, ya kalle ni, fuskarsa ta ɗaure.

"Ka gani? Ashe suna wurinai."

"Ba shi gani, Sunusi. Tun bara. Ran da kab buɗe hannu gabanai kac ce shi duba, bai san ko mi ka riƙe ba."

Na faɗa masa komai muna tafiya a bayan makara, rigar da aka wanke, yatsun da suka mutu, da dalilin da ya sa ya zaɓi a kira shi ɓarawo. A ƙofar maƙabarta ya tsaya, ya dafa katanga, sannan ya biyo.

Aka saukar da Malam Labbo, aka jera itace. Mai haƙan kabari ya zuba ruwa a kan jar ƙasa, ya waiga yana neman wanda zai kama masa kwaɓi. Sunusi ya cire takalmi da agogo ya ajiye a gefe. Ya durƙusa da farar shaddarsa a cikin laka, ya zura hannu har gwiwa, yana curawa yana miƙawa, yana bin kowace kafa tsakanin itacen da yatsa yana toshewa.