Kaza Mai Kwanci a Kwalekwalen Ovila

Ovila Beaulac ya tsufa a kan tabki, kuma tun yana yaro bai taɓa rufe kwalekwalensa da komai ba. Yakan ce kwalekwale tafin hannu ne, a buɗe ake miƙa shi. Yana da hujjojinsa. Kifi ya taɓa yin tsalle ya faɗo masa ciki, ba ƙugiya ba taru. Wata rana kuma kurege ya gaji da iyo, ya hau ya zauna a goshin jirgin kamar fasinja, da suka kai gaɓa ya sauka ko waiwaye babu.

"Da a rufe yake," in ji Ovila, "ta ina baƙo zai shigo?"

Wata safiya, bayan ƙanƙarar da ke rufe tabkin lokacin sanyi ta narke ba da jimawa ba, yayarsa Aldea ta bugo waya daga tsibirin da take zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Dila ya shiga akurki. Ya kashe zakara, ya kashe kazar da ke kwanci, ya kashe sauran."

"Dila a tsibiri, Yaya? Jirgi ya hau?"

"A kan ƙanƙara ya tako lokacin sanyi, ta narke ta bar min shi. Ka bar zancen dila. Ƙwai bakwai suka rage, da ɗuminsu na kwashe. Kajin Mama ke nan gaba ɗaya. In suka huce, an gama."

Ovila ya san kajin nan sarai. Fararen kaji ne masu ɗan mitsitsin zanko wanda sanyi ba ya ci, mahaifiyarsu shi da Aldea ta gaje su wurin tata uwar, kuma duk yankin babu mai irinsu sai Aldea.

"Ina ƙwan yanzu?"

"A cikin rigata. Ba na sunkuyawa, ba na tari, tafiya nake kamar amarya. Kai ka ce min jar kazarka tana kwanci a kan banza. Kawo ta."

Gaskiyarta ce. Margo, kazar Ovila, ba zakara a gidansu, amma ta kumbura ta zauna a kan ciyawa tana saran duk wanda ya matso. Ƙwan kuwa ba sa ɗaukuwa, don 'yan tsaki sun fara kama jiki a ciki, girgiza da sanyin hanya za su kashe su. Dole uwar ce za ta je.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Kowa ya san yadda ake raba kaza da kwanci: a tsoma ta a ruwan sanyi, ta girgije, ta manta ta taɓa son 'ya'ya. Ruwan tabki a lokacin yana datse yatsa, kuma kafin tsibirin akwai buɗaɗɗen filin ruwa inda iskar yamma ke tayar da igiyar ruwa da zarar rana ta yi tsaka. In Margo ta jiƙe, ya kai wa Aldea nama ne kawai.

Ya nufi gidan maƙwabcinsa Ephrem don aron jirgi mai inji. Ya tarar da injin a warwatse a kan teburin cin abinci, Ephrem na neman wani ɗan ƙarfe a cikin kwanon sukari.

"Sai dai in ba ka rufi," in ji Ephrem bayan ya ji labari. Ya jawo tamfol ɗin da matarsa ta ɗinka daidai bakin kwalekwale, da ƙugiyoyi a gefe, da rami a tsakiya mai zariya kamar ta wando, inda matuƙi ke zama ya ɗaure a ƙirji.

"Siket ɗin nan? Ni da gemuna?"

"Gemun naka ai a waje zai tsaya, tsoho."

"In jirgi ya kife fa? A tsamo ni a naɗe, an huta da sayen akwatin gawa."

"Zare ɗaya za ka ja ka fito. Kuma ba kai nake ba aro ba, kaza nake ba. Ta fi ka hankali, ita ta san abin da take so."

Suka yi ta ja har shayi ya huce. A ƙarshe aka raba gardama biyu: aka rufe rabin gaba, inda kwandon Margo yake tare da jakar kayan Ovila, sauran tamfol ɗin aka naɗe a gaban gwiwarsa. Kaza a rufe, mutum a buɗe.

"Ka wuce filin kafin rana ta yi tsaka," Ephrem ya ce yana tura shi. "Kada ka tsaya kallon kwaɗi."

Ruwa kwance yake kamar an shafe shi da hannu. Ovila na durƙushe yana tuƙi, filafili na shiga yana fita ba ƙara. Da ya tafi yadda ya faro, da ya isa a bushe. To amma a bakin filin sai ya ga wani guntun ƙasa ya ɓalle daga gaɓa, da ciyawarsa da 'yar bishiya a kai, yana tafiyarsa a ruwa. A kan bishiyar wani tsuntsu na ta ɗaukar tsinke yana gyaran sheƙa, bai ma san garinsu ya tashi ba. Ovila ya bi su a hankali. Ya kewaya su. Ya yi tunanin yadda matar tsuntsun za ta dawo da abinci ta tarar babu unguwar. Yana cikin tausaya mata iska ta ture masa hula.

Igiya ta farko ta daki goshin jirgi, ta hau kan tamfol, ta zame ta koma inda ta fito. Ovila ya gani, ya yi kamar bai gani ba. Ta biyu da ta uku daga gefe suka zo, suka zube a cinyarsa. Kafin ya ankara ruwa ya taru a ƙasan jirgi, kuma duk lokacin da goshi ya sunkuya sai ruwan ya gangara gaba, ya shige ƙarƙashin rufi, wajen kwando.

Ya ɗauki gwangwani zai kwarfe, jirgi ya juya gefe. Ya ajiye gwangwani ya kama filafili, ruwa ya ƙaru. Hannu biyu Allah ya ba shi, aikin na huɗu ne. Sai ya ja da baya ya zauna daɓas, don ruwan ya taru a wajensa, sanyi ya ratsa shi har haƙora.

"Margo," ya kira, "kina nan?"

Ko motsi.

Ya dubi naɗaɗɗen tamfol. Ya dubi tsibiri, wanda har yanzu bai fi hula girma ba. Ya waiga, ko da wani jirgi kusa mai idon gani. Babu kowa. Tsakanin igiya da igiya ya warware shi, ya maƙala ƙugiyoyi da yatsun da suka sandare, ya zura kansa a ramin, ya ja zariya har hammata. Ya laluba zaren da Ephrem ya ce a ja, ya sa shi a baki ya cije, ya ci gaba da tuƙi a haka.

Daga nan ruwa ya yi ta hawa yana sauka, ko ɗigo bai ƙara shiga ba. Iskar ma da ke kama cikin jirgi tana juya shi sai ta rasa abin riƙo. Abin ya ba shi haushi ƙwarai, ganin Ephrem ne da gaskiya. Abin da ya fi damunsa shi ne shirun da ke gaba, ga shi ba halin leƙawa.

Aldea na tsaye a gaɓa, hannu biyu tallafe da ƙirji. Ta ƙare masa kallo daga gemu zuwa zariya.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Ba ki ga ƙanena a hanya ba?"

Ya tofar da zaren. "Yaya, sanyi nake ji."

"Kai ba ƙwai ba ne. Buɗe."

Ya ɓalle ƙugiyoyin gaba ya ɗaga. Kwando ya jiƙe sharkaf, kuma babu kowa a ciki. Aldea ta rufe ido. Sai suka ji wani gurnani daga can ƙuryar goshin jirgi. Margo ta fice tun da ruwa ya taɓa kwando, ta haye kan jakar kaya, ta kumbura ta cika lungun, a bushe ƙayau. Ovila ya miƙa hannu, ta sare shi har jini.

"Madalla," in ji Aldea. "Tana nan da halinta."

Suka kai ta sheƙar da aka gyara mata kusa da murhu. Ta dubi sheƙar da ido ɗaya, ta dire, ta fita ta ƙofa da gudu, fukafukai a baje, ta koma ƙarƙashin tamfol. Suka sake ɗauko ta, ta sake komawa. Duhun nan da ɗumin nan ta zaɓa, kuma kaza mai kwanci ba a yi mata zaɓi.

"To," Aldea ta ce, "tunda ba za ta zo ba, mu sai mu je."

Ovila ya ja kwalekwalen a hankali har cikin rumfar itace mai ƙofa, da kazar a ciki kamar sarauniya. Aldea ta durƙusa, ta riƙa zaro ƙwai daga riga ɗaya bayan ɗaya tana turawa. Margo ta sare ta a na farko. A na biyu ta tsaya ta duba. Sannan ta sa baki ta jawo shi ƙarƙashinta, ta girgiza jiki ta gyara zama, ta jira na gaba. Da na bakwai ya shige, Aldea ta mayar da tamfol, ta miƙe, ta yi tarin da take riƙe da shi tun safe.

Ovila na tsaye ruwa na ɗiga daga wandonsa. Sai yanzu abin ya faɗo masa.

"Yaya, da me zan koma gida?"

"In sun ƙyanƙyashe ka karɓi jirginka."

"Yaushe ke nan?"

"Tambaye ta." Ta rufe ƙofar rumfa ta sa sakata. "Akwai miyar wake a wuta. In ka ci ka bushe, ga itace can na jiran faskare, ga kuma dila. Tunda kana son baƙi, je ka yi masa magana."