Santimita Huɗu

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan biranen biyu suna wannan shirme. Idan na wannan gaɓar kogi ya gina bene mai hawa arba'in, kafin fentinsa ya bushe na tsallake ya kafa mai arba'in da biyu. Wannan ya ɗora wa nasa hular gilashi, wancan ya dasa eriya a kan hula. Jaridu su yi ta jera hotunan biranen gefe da gefe, direbobin tasi su yi ta musu har su wuce da fasinja inda zai sauka. Rabin benayen kuwa babu kowa a ciki sai masu gadi da tattabaru, amma wa ya damu? Tsawo ake nema.

A birnin nan mutum ɗaya ne yake sa hannu a takardar tsawon gini. Malam Daidai ake ce masa, mai awon gine-gine, kuma ya ci sunan, don ko tela ne ya auna masa wando sai ya karɓi tef ɗin ya sake dubawa. Shekara talatin da takwas yana wannan aiki. Gwiwoyinsa sun gaji, idonsa na dama da yake ɗorawa a na'urar awo ya fara ruwa, gasar kanta ta daɗe da fita masa daga rai. Abu ɗaya ya rage masa da yake ji da shi: duk lambar da ya sa wa hannu, ko mutanen tsallake ba sa musunta.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, awo da sassafe, kafin rana ta taɓa gini. Ƙarfe yana miƙewa idan ya sha zafi, dogon bene kan ƙara ɗan tsawo da rana, ya koma yadda yake idan gari ya yi sanyi. Wannan ne abu na farko da ya koya wa 'yarsa Auta, wadda ta gaje shi a sana'ar, ta yi aure a tsallake, take auna wa mutanen can. Har yau duk ranar da ta zo gida sai ta kawo masa littafin awonta, ya bi shi layi-layi da jan biro, ya sa hannu a ƙasan shafi, kamar lokacin da take koyo. Mahaifiyarta takan ce su biyun ba su iya gaisuwa ba sai da lissafi.

A watan jiya tsallake suka buɗe sabuwar hasumiyarsu, Auta ta auna, jarida ta buga: mita ɗari uku da sha takwas da santimita arba'in. Birnin nan ma tasu ta kammala, an zana ta ne don ta zarce. Malam Daidai ya kafa na'urarsa a bakin titi tun masu shara ba su gama ba, ya auna sau uku. Sau ukun duka santimita talatin da shida ya samu a kan mita ɗari uku da sha takwas ɗin. Siminti ya zauna fiye da yadda aka zata, ginin ya gaza da santimita huɗu, faɗin yatsu biyu ke nan.

Babban Injiniya ya karɓe shi a ofishinsa na hawa na tara, inda ƙaramin samfurin hasumiyar ke tsaye cikin akwatin gilashi. Ya karanta takardar, ya cire tabarau, ya murza ido. Shi ma kwana biyun nan duk ya faɗa.

"Malam, zauna mana. Ba za a ƙara komai a sama ba, an sauke injin ɗaga kaya tun makon jiya. Ranar Litinin za a yanke kirtanin buɗe ginin, an riga an buga allon da ke ɗauke da tsawonsa."

"To sai a gyara allon, ranka ya daɗe."

"Ka koma da biyun rana ka sake aunawa. Ban ce ka yi ƙarya ba. Abin da na'ura ta nuna shi za ka rubuta."

"Da biyun rana zafi zan auna, ba gini ba."

"Haba Malam! Santimita huɗu fa. Ko takalmina ya fi haka tudu."

Ya koma ɗin, kada a ce taurin kai ne kawai. Rana tana dukan ƙeyarsa, motoci suna hura masa hayaƙi, ya leƙa na'ura ya ga arba'in da uku. Ya daɗe riƙe da biro. Gaskiya ya so ya rubuta ya huta, don ya gaji da jayayya da masu manyan kujeru. Sai ya tuna takardar tana da gurbin lokaci, kuma a duk faɗin biranen biyu mutum ɗaya ce za ta fara duba wannan gurbin kafin ta dubi lambar. Ya naɗe ƙafafun na'urarsa, ya sa hannu a awon safe.

Ba su kore shi ba, sun dai ce ya je ya huta, sauran ayyukan za a ba wani. Injiniya ya raka shi har bakin lif, yana cewa, "In ka gano wani abu da zai gyara lamarin nan, ka kira ni. Kujerarka tana nan." Aka yanke kirtani ba armashi, aka manne wani ɓangare na allon da takarda. A unguwa kuwa abin ya ishi Malam Daidai. Mai shagon ƙasan benensu, wanda bai taɓa taka ƙofar hasumiyar ba, ya daina amsa gaisuwarsa da kyau. Wanzaminsa ya ce, "Malam, yau santimita nawa za a rage? Ka faɗa da kyau, kada gari ya sake jin kunya."

Ranar Asabar da hantsi Auta ta zo. Ta gaishe su, ta shiga kicin ta daɗe, ta fito ta zauna tana ba da labarin cunkoson gada. Shi kuwa tuni ya ɗauko jan bironsa ya share teburin falo. Kwana shida yana jiran wannan zama, shi kaɗai ne abin da yake ɗokinsa.

"Ina littafin?"

"Baba, yau ka bar shi mana. Ka huta."

"Ai hutun suka ba ni. Kawo."

Ta ciro shi daga jaka a hankali. Ya buɗe shafin hasumiya, ya bi kusurwoyi, ya bi nisa, ko'ina tsaf, rubutunta ma irin nasa ne. Sai ya zo gurbin lokaci. An rubuta shida da kwata, amma takardar wurin ta yi laushi, an goge wani abu kafin a rubuta. Ya ɗaga shafin ya duba ta hasken taga, sannan ya dubi 'yarsa. Ta yi tsuru-tsuru, ta sunkuyar da kai.

"Da biyun rana ne, Baba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Sun san tsawon da kuke nema. Sun ce in ban yi ba akwai masu yi. Kwana uku ina ce musu a'a."

Bai yi niyyar lissafi ba, kansa ne ya yi da kansa, kamar yadda ya saba. Arba'in a cire bakwai na zafi, saura talatin da uku. Ashe hasumiyar birnin nan ce ta fi, da santimita uku. Ga wayarsa nan kusa da gwiwar hannunsa, lambar Injiniya tana ciki. Kira ɗaya zai mayar masa da kujerarsa da gaisuwar mai shago, kuma daga ranar babu wanda zai sake ba Auta ko katangar gida ta auna. Wata irin gajiya ta sauko masa, wadda ta fi ta gwiwa. Ba haushinta ya ji ba, tausayinta ne ya kama shi, da kunyar da bai san ta wane ne a cikinsu ba.

Mahaifiyarta ta leƙo daga kicin tana goge hannu. "To, malaman lissafi, yau an kama ta da kuskure?"

Malam Daidai ya ture wayar gefe. Ya cire murfin jan biron, ya daidaita shafin da tafin hannunsa, ya sa hannu a ƙasa inda ya saba sawa.

"Babu kuskure," ya ce. "Ki zuba mana abinci."