Gaisuwar Lontara

Daeng Sikki ya damƙe tayar keken guragun da yake kai da hannun da ya rage masa mai aiki, keken ya tsaya cak a ƙofar kantin Kilat. 'Yarsa Tenri ta tura, ta sake turawa, ko gezau.

"Haba Baba! Madara kawai za mu saya fa. Nan ƙofarsu a shimfiɗe take, can kuwa matakala ce. So kake ka karya mini baya?"

Ya ƙara damƙe tayar. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi bayan ƙaramar Sallah bai ƙara furta kalma ba. Likita ya ce harshen bai mutu ba, amma idan ya daɗe a kwance zai saba da kwanciyar, kuma wannan magana ita ke cin ran Tenri. Ta yi lallashi, ta tara masa jikoki, har tsokanarsa ta yi, sai dai ya bi ta da ido.

Taurin kai kam, ciwon bai taɓa shi ba. Ya ɗaga haɓa ya nuna tsallaken titi, inda koren allon kantin Lontara yake. Tsofaffin birnin Makassar irinsa ba kanti suka ɗauki Lontara ba, dangi ne. A unguwarsu aka buɗe na farko, kuma ko garin Maros ya je sai ya nemo reshen can kafin ya sha kofi. Kilat kuwa baƙi ne daga Jakarta, da bakinsa ya taɓa cewa ko ruwansu ɗanɗanon kwali yake yi.

Tenri ta yi tsaki ta juya keken. 'Yan acaɓan da ke zaune a gaban Lontara ne suka cicciɓe shi suka haye matakalar.

"Daeng, ka ƙara nauyi!" in ji ɗayansu. "Ashe shiru ƙiba yake sawa?"

Tenri ta ɗauko gwangwanin madara, suka nufi wurin biya. Yarinyar da ke kan kanta sabuwa ce, Tenri ta gane ta, kwanan baya a Kilat take aiki. Ta haɗa tafukanta a ƙirji, ta rera da murmushi:

"Barka da zuwa Kilat, a yi sayayya cikin farin ci..."

Ta toshe baki da sauri. A duk faɗin Lontara ba a yi wa kowa barka da zuwa, don a cewarsu ba a yi wa mutum maraba a gidansu. Balle kuma a ambaci sunan makwabta.

Fuskar Daeng Sikki ta haɗe. Leɓensa ya karkace yana rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ba... haka... ba."

Gwangwanin madarar ya suɓuce daga hannun Tenri. Muryar ta fito a dishe, a karkace, amma tasa ce, har da faɗan.

"Yi haƙuri, Daeng," in ji yarinyar, duk ta rikice. "Bakina ne ya saba. Yaya ake cewa ma?"

Tenri ta buɗe baki za ta gaya mata, sai ta danne. Ta riƙe hannun keken gam, tana jira. Tsohon ya yi ta kokawa da harshensa har gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"An... dawo?"

Yarinyar ta gyara tsayuwa, ta rusuna. "An dawo, Daeng?"

"An dawo," ya ce, wannan karon ba tsayawa.

Tenri ta durƙusa a gefen keken, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Sannu da dawowa, Baba," ta ce.